FASHIN BAƘI: Zanen duwatsun Birnin Kudu da kasuwar tsofaffin zane-zanen Italiya

Matafiyin da ya taso daga Basirka, a Ƙaramar Hukumar Gwaram ta Jihar Jigawa, ya nufi Kano, ta Birnin Kudu hanya za ta bi da shi. Kafin ya shiga garin zai fara hango manyan duwatsu jibge a kan juna, wasu sun yi rumfa, wasu sun bar kogo a tsakaninsu. A jikin waɗansu daga cikin waɗannan duwatsu akwai zanen shanu da mutanen dauri suka yi da launin ƙasa. Suna cikin jerin wuraren tarihin da dokar Najeriya ta ba kariya, kuma suna cikin tsofaffin zane-zanen da aka sani a Arewacin ƙasar nan.

A watan Yulin 2025, kamfanin gwanjo na Christie's da ke Landan ya sayar da wani zane guda ɗaya na birnin Benis na ƙasar Italiya, wanda Canaletto ya yi kimanin shekaru 300 da suka wuce, a kan fam miliyan 31.9. Zanen Birnin Kudu kuwa ba shi da farashi ko na sisin kwabo, domin doka ta hana sayar da shi, kuma ko ba doka, a jikin dutse yake. Duk wanda ya fahimci abin da ke sa attajirai zuba irin waɗannan kuɗi a kan zanen Italiya, zai gane dalilin da ya sa na Birnin Kudu ya tsira daga hannun dillalai, ya kuma gane irin haɗarin da ya rage masa.

Abin da ke jikin duwatsun

Mutanen Birnin Kudu sun san da zanen tun kaka da kakanni. Abin da ya faru a tsakiyar shekarun 1950 shi ne shigarsa cikin takardun hukuma da na masana. Bernard Fagg, Baturen Ingila da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ne ya yi nazarinsa, ya gabatar da bayani a kansa a taron masana tarihin dauri na Afirka da aka yi a Livingstone, cikin ƙasar Zambiya ta yanzu, a 1955. A lokacin Birnin Kudu tana ƙarƙashin Lardin Kano. Sai a 1991 aka ƙirƙiri Jihar Jigawa.

Wuraren da suka fi shahara su ne Dutsen Mesa, Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Galibin abin da aka zana shanu ne, kuma a nan ne darajar zanen take ga masu bincike. Shanun da Fulani ke kiwo yau a Gwaram da Birnin Kudu, irin su Bunaji da Rahaji, masu tozo ne. Da yawa daga cikin na jikin dutsen ba su da tozo: wasu dogayen ƙaho gare su, wasu gajeru. Shanu marasa tozo su ne suka riga masu tozo zama a Afirka ta Yamma, kuma a Najeriya ta yau sai a gefe-gefe ake samun danginsu, kamar Kuri na yankin Tafkin Chadi da Muturu na kudu. Ke nan dutsen yana riƙe da shaidar wani zamani da garken wannan yanki ya sha bamban da na yanzu. Da irin wannan alama masana ke kintatar tsufan zanen, tunda mai zanen bai bar suna ba, bai bar shekara ba.

Kusa da zanen akwai duwatsun da in an buga su da ƙaramin dutse sai su ba da amo irin na kuge. Wuraren da aka daɗe ana bugawa sun lotsa, sun yi santsi. Fagg ya buga maƙala a kan waɗannan duwatsu masu amo a mujallar Man a 1956, kuma bayaninsa ya sa masu bincike suka shiga neman irinsu a wasu sassan Afirka. Akwai kuma dangin zanen Birnin Kudu a maƙwabciyar jiha, wato a Shira da Geji cikin Jihar Bauchi.

Wani abin lura shi ne mai zanen Birnin Kudu bai zana tsauni ko kogi ko gari ba. Saniya ya zana, ya bar dutsen da dajin da ke kewaye su zama mahallinta. Masu zanen Italiya da ake rububin ayyukansu yau akasin haka suka yi: sun ɗauko filin da kogin da birnin, suka sa su cikin ƙyallen da mutum zai iya naɗewa ya yi tafiya da shi. Daga wannan bambanci kasuwar ta samo asali.

Yadda Italiya ta mayar da shimfiɗar ƙasa haja

A bakin dillalan zane na Turai, "tsofaffin gwanaye" na nufin masu zanen da suka yi aiki kafin wajajen shekarar 1800. A farkon lamari, a Italiya, tsauni da itatuwa ado ne kawai a bayan hoton wani waliyyi ko basarake. Ɗaya daga cikin tsofaffin zane-zanen karkara da ake ambato shi ne wanda Ambrogio Lorenzetti ya yi a bangon fadar majalisar birnin Siena tsakanin 1338 da 1339, mai nuna gonaki da manoma a ƙarƙashin mulki na adalci. Shi ma, kamar na Dutsen Habude, a jikin bango yake, don haka bai taɓa shiga gwanjo ba.

Sannu a hankali filin ya fara cin gashin kansa. Giorgione na Benis, a farkon ƙarni na 16, ya yi zanen da hadari da walƙiya suka fi mutanen ciki jan ido. A ƙarni na 17 birnin Rum ya zama cibiyar wannan fanni, da Annibale Carracci, da Salvator Rosa mai zanen ƙungurmin daji da duwatsu, da Claude Lorrain, Bafaranshen da ya yi kusan dukkan rayuwarsa ta aiki a Rum har ya rasu a can a 1682.

Kasuwar ta buɗe sosai a ƙarni na 18. A lokacin al'ada ce ga 'ya'yan masu hannu da shuni na Ingila su yi doguwar tafiyar buɗe ido zuwa Italiya bayan sun gama karatu, su ga Rum da Benis, su koma gida da tsaraba. Babu kyamara a zamanin, saboda haka tsarabar da ta fi daraja ita ce zanen wurin da mutum ya gani da idonsa. Akwai kuma wani dalili na addini: yawancin waɗannan baƙi 'yan Furotesta ne, kuma hoton kogi da gada ya fi sauƙin ratayewa a zaurensu fiye da hoton waliyyan Katolika.

Giovanni Antonio Canal, wanda aka fi sani da Canaletto, an haife shi a Benis a 1697, ya rasu a 1768. Shi ya fi kowa cin moriyar wannan ciniki. Dillalinsa, Joseph Smith, ɗan kasuwar Ingila ne mazaunin Benis da daga baya ya zama ƙaramin jakadan ƙasarsa a can, kuma ta hannunsa oda ke zuwa. Gidan sarautar Bedford kaɗai ya sayi zane 24, waɗanda aka daɗe ana ajiye da su a Woburn Abbey. Da yaƙi ya rage zuwan baƙi, Canaletto ya bi masu sayensa har gida, ya koma Landan a 1746, ya yi kusan shekaru tara yana zana Kogin Thames da gidajen manya. A 1762 Smith ya sayar wa Sarki George na III tarin da ya mallaka, shi ya sa har yau gidan sarautar Birtaniya ke riƙe da ɗaya daga cikin manyan tarin ayyukan Canaletto a duniya. Wato tun ranar farko, don baƙo mai kuɗi aka yi wannan kaya, kuma a ƙasar baƙon ya fi yawa.

Abin da mai saye ke biya

Kyau yana cikin lissafi, babu musu. Zanen Canaletto na ainihi yana da haske da daidaiton gini da ke sa mai kallo ya ji kamar ta taga yake leƙe, kuma ba ya bukatar mutum ya san tarihin coci ko tatsuniyoyin Girka kafin ya ji daɗinsa. Wannan ya sa attajiri daga kowace nahiya zai iya sha'awarsa. Amma kyau kaɗai ba ya kai zane fam miliyan 30.

Abu na farko da ake biya shi ne suna. Canaletto yana da almajirai da masu kwaikwayo da yawa, kuma ɗan 'yar'uwarsa, Bernardo Bellotto, ya yi amfani da laƙabin kawun nasa a ƙasashen da ya yi aiki. Kundin gwanjo yana bambanta zanen da aka tabbatar na gwanin ne, da wanda aka ce daga shagonsa ya fito, da wanda aka ce wani mabiyinsa ne ya yi. Tsakanin mataki na farko da na ƙarshe, farashi na iya faɗowa daga miliyoyi zuwa 'yan dubbai, alhali hoton kusan iri ɗaya ne a idon wanda ba masani ba. Misalin da ya fi kowanne fito da wannan fili ba zanen fili ba ne: hoton nan mai suna Salvator Mundi, wanda aka sayar fam 45 a Landan a 1958 a matsayin aikin wani mabiyi, aka sake sayar da shi dala miliyan 450.3 a New York a 2017 bayan an danganta shi ga Leonardo da Vinci. Har yau masana ba su daina jayayya a kan wannan dangantawa ba.

Na biyu shi ne salsala, wato jerin hannayen da zanen ya bi tun daga shagon mai shi. Zanen da aka sayar a 2025 ya taɓa zama mallakin Robert Walpole, wanda ake ɗauka firaministan Birtaniya na farko, kuma ya taɓa rataye a gidan gwamnati na Downing Street. Irin wannan tarihi yana kore shakkar jabu, yana kuma ƙara wa sabon mai shi alfahari. Masu zanen kansu sun san da matsalar tun da wuri. Claude Lorrain ya tanadi wani littafi da yake kwafe kowane zane da ya gama, sau da yawa har da sunan wanda ya saya, don ya toshe hanyar masu jabu. Littafin, mai ɗauke da zane kusan 200, yana gidan tarihi na Birtaniya.

Na uku ƙaranci ne. Gwanayen sun mutu, ba za a ƙara ko ɗaya ba, kuma duk zanen da ya shiga gidan tarihi na gwamnati da wuya ya sake fitowa kasuwa. Saboda haka in mai kyau ya fito, sai a yi masa rubdugu. A 2005 kamfanin Sotheby's ya sayar da wani zanen Canaletto fam miliyan 18.6, a 2011 ya sayar da zanen gadar Rialto na Francesco Guardi fam miliyan 26.7. Ya kamata a faɗa cewa waɗannan su ne ƙololuwa. Kasuwar tsofaffin gwanaye ƙarama ce in an kwatanta da ta zanen zamani, kuma matsakaicin zane na iya shekara da shekaru bai ƙara daraja ba.

Sai lafiyar zanen, ko ya sha gyara ko bai sha ba, sannan izinin fita da shi. Italiya ta daɗe da gane cewa baƙi na kwashe mata kaya. Tun 1820 gwamnatin Fafaroma ta kafa dokar taƙaita fitar da kayan tarihi daga Rum, ƙasar Italiya ta yi nata dokokin a 1909 da 1939, kuma a 1969 ta kafa runduna ta musamman cikin jandarmominta don farautar ɓarayin kayan fasaha. Sakamakon haka, zanen da ke cikin Italiya wanda hukuma ta hana fitarwa ya fi araha a kan takwaransa da ke Landan, domin masu sayensa ba su wuce na cikin gida ba.

Inda kasuwar ta taɓa Najeriya

In aka auna zanen Birnin Kudu da waɗannan ma'aunai, babu inda ya shiga. Ba shi da sunan mai yi, ba shi da takardar ciniki, ba ya ɗaukuwa. Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa sha'awar masu tara kaya ba ta iso nan ba. Ta iso, ta kan abin da ke shiga akwati.

Gumakan yumɓu na Nok, waɗanda shi dai Fagg ɗin ya fito da su ga duniya a shekarun 1940, su ne abin ya fi shafa. A shekarun 1990 an yi ta haƙa ba bisa ƙa'ida ba a wuraren da ake samunsu, aka kuma fara ganin makamantansu daga yankunan Sakkwato da Katsina a shagunan Turai. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta fitar da jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗarin sata, ta sa na Nok da Sakkwato da Katsina a ciki, tare da na Bura daga Jamhuriyar Nijar. A wannan shekarar ce aka yi ta ce-ce-ku-ce a Faris, bayan an baje wasu daga cikin irin waɗannan gumaka a gidan tarihi na Louvre. Daga bisani Faransa ta amince cewa mallakin Najeriya ne, aka bar mata su a matsayin aro na shekaru 25.

A nan salsala takan juye ta zama abin ɓoyo. Mai sayar da Canaletto yana alfahari da jerin sunayen da suka riƙe zanen. Mai sayar da gunkin da aka haƙo da dare kuwa, ƙoƙarinsa ya ɓatar da sawu, ko ya ƙirƙiro takardar da za ta nuna kayan ya bar ƙasar tun kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970, wadda ta zama mizanin da gidajen tarihi da yawa ke dubawa kafin su saya. Abin da aka rasa a irin wannan haƙa ya fi gunkin kansa: an rasa sanin zurfin da yake, da abin da ke gefensa, da shekarunsa.

Kasancewar zane a jikin dutse ma ba garkuwa ba ce cikakkiya. A Afirka ta Kudu an sare wani falalen dutse mai zane, wanda aka sani da allon Linton, a 1917, aka kai shi gidan tarihi na Cape Town. A Jihar Kuros Riba, sassaƙaƙƙun duwatsun Ikom sun sha sata, har jami'an kwastan na Amurka suka kama wasu a Miami a 2020. A Libiya kuwa, a tsaunukan Akakus, ba sata aka yi ba: fenti wani ya fesa wa zane-zane masu dubban shekaru a 2009.

Doka da masu tsaro

Najeriya ta fara dokar kayan tarihi a 1953, zamanin mulkin mallaka. Wadda ke aiki yanzu ta samo asali ne daga Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidaje da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM. Dokar ta haramta saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ta haramta fita da su waje ba tare da izini ba, ta kuma haramta lalata wurin da aka ayyana. Rauninta a bayyane yake: da darajar naira ta 1979 aka yanka tarar da ke cikinta, kuma abin da ya isa tsoratar da mutum a wancan lokaci yau bai kai kuɗin motar Basirka zuwa Kano da dawowa ba.

Hukumar tana da cibiyar bayanin zanen duwatsu a Birnin Kudu. A 'yan shekarun nan kuma an yi aikin ɗaukar hotuna da adana bayanan zanen duwatsun Najeriya, da haɗin gwiwar hukumar, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ƙungiyar TARA mai hedikwata a Nairobi, wadda ta daɗe tana wannan aiki a faɗin Afirka. Amfanin irin wannan rajista ba ƙarami ba ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya rusa birnin Warso na ƙasar Poland, zane-zanen da Bellotto ya yi wa birnin a ƙarni na 18 na cikin abin da magina suka duba wajen sake gina tsohon garin. Hoto mai kyau da aka ɗauka yau shi ne zai nuna, nan da shekaru 30, ko wata saniya ta Dutsen Mesa ta dushe, ko an kankare ta.

Abokan gabar zanen dutse a ko'ina sanannu ne, kuma yawancinsu ba dillalai ba ne. Akwai hayaƙin wutar da ake hurawa a cikin kogo, da masu rubuta sunansu da gawayi ko fenti, da masu yayyafa ruwa don launi ya fito a hoto, da masu fasa dutse don tsakuwar gini, da gari mai faɗaɗa har ya cinye filin da ke kewaye. Canaletto yana da mai shi guda ɗaya wanda zai yi asarar miliyoyi in ƙyallen ya yage, shi ya sa ake sa masa inshora da na'urar daidaita sanyi da zafi. Zanen da yake na kowa, wanda ba ya cikin lissafin dukiyar kowa, tsaronsa ya rataya ne a kan kasafin hukuma da kuma kulawar maƙwabtansa.

Akwai misali a Nijar na yadda ake bi da wannan. A Dabous, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5. Da shahararsu ta fara jawo baƙi da ɓarna, sai aka ɗauki zubinsu a 1999, aka ƙera kwafi da sanholo aka kafa a filin jirgin saman Agadas, aka kuma sa mutanen yankin su zama masu gadi da jagorar baƙi, aka haƙa rijiya a kusa domin zamansu ya yiwu. Dutsen na asali yana nan inda yake, kuma masu gadinsa suna da abin da za su rasa in ya lalace.